Iska ta yi dare ɗaya, me ya sa gyara ke cin shekaru? Amsa kan guguwar teku da aikin agaji

Tambaya: Na karanta labarin guguwar Idai da ta afka wa birnin Beira na ƙasar Mozambik a 2019. Iskar dare ɗaya ta yi ta wuce, amma aka kwashe makonni ana rasa rayuka, har bayan shekaru wasu na cikin tanti. Mene ne ainihin abin da ke yin ɓarnar, me masu agaji ke fara yi, kuma a ina aikin ke cijewa?

Malam, a irin wannan masifa iska ce ake ɗauka a hoto, amma ruwa ne ke kashe yawancin mutane. Bayan ruwan ya janye kuma sai a shiga fama da rashin hanya, rashin ruwan sha da rashin rufin kwana, kuma kowanne yana da lokacinsa. Wanda ya juya tsarin, ya kawo buhunan shinkafa garin da babu ruwan dafa ta, ya yi wahalar banza.

Guguwar iri ɗaya ce duk da sunayenta sun bambanta: a Tekun Atlantika harikan ake ce mata, a yammacin Fasifik taifun, a Tekun Indiya saikulon. Tana ƙulluwa ne a kan teku mai ɗumin da ya kai kusan digiri 26 da rabi, kuma ana saka ta a wannan aji idan gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa. Ba ta ƙulluwa dab da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa Legas da Akara ba su san ta ba duk da suna bakin teku. Amma akwai alaƙa da yankinmu: da yawa daga cikin manyan guguwar da ke dukan Karibiyan da Amurka, asalinsu hadarin damina ne da ke ratsa Sahel daga gabas zuwa yamma, ya faɗa teku ta gaɓar Senegal, can ya sami ruwan ɗumi ya girma.

Hanya uku take yin ɓarna. Ta farko iska. Ƙarfin da iska ke dukan gini da shi ba ya tafiya daidai da gudunta: idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin dukan sau huɗu yake ninkawa. Ta biyu toroƙon teku, wato iskar ta turo ruwan teku gabanta ta tara shi a bakin gaɓa har ya hau tudu. Wannan ba igiyar ruwa ba ce da za ta daka ta koma, teku ne da kansa ke tashi ya zauna a cikin gari na tsawon awanni. Mita ɗaya ta kowace fuska ta ruwa nauyinta tan ɗaya ne, don haka bangon bulo ba ya tsaya masa. A lokacin guguwar Katrina da ta afka wa Amurka cikin watan Agusta na 2005, toroƙon ya haura mita 8 a gaɓar Misisifi, ya kuma fasa katangun kariyar New Orleans har kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse. Ta uku ruwan sama, wanda ke sauka a can cikin ƙasa, ya cika koguna, ya dawo wa mutanen gaɓa ta bayansu kwana ɗaya ko biyu bayan sun ɗauka an gama.

Wannan na ukun shi ne ya fi yi wa Mozambik illa. Idai ta sauka kusa da Beira a daren 14 ga Maris wayewar garin 15, 2019. Birni ne mai mutum fiye da rabin miliyan, wasu unguwanninsa ƙasa suke da matakin teku idan ya cika. Ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na birnin da kewayensa ya lalace. Allah Ya taƙaita, guguwar ta zo a kwanakin da cikar teku ke da rauni, kuma an riga an gyara magudanan birnin da rafin Chiveve kafin nan, sai ruwan cikin gari ya sami hanyar fita. Amma a can ciki, inda wasu wurare suka sami ruwan sama fiye da milimita 500 cikin 'yan kwanaki, kogunan Buzi da Pungwe suka ɓalle, suka mai da filayen noma tamkar wani tekun. Mutanen garin Buzi sun kwana a kan rufin gidaje, kan bishiyoyi da benen filin wasa suna jiran ceto. A Chimanimani ta Zimbabwe kuma duwatsu da laka ne suka zaftaro kan gidaje cikin dare. An tabbatar da mutuwar mutum fiye da 600 a Mozambik, fiye da 300 a Zimbabwe, kimanin 60 a Malawi, ban da waɗanda ba a ga gawarsu ba.

A kwana biyu zuwa uku na farko, maƙwabta ne ke ceton mutane, da masunta masu kwalekwale. Babu wata tawagar ƙasashen waje da ke isowa cikin awannin da ake mutuwa da nutsewa. Aikin farko na hukuma da ƙungiyoyi shi ne buɗe ƙofar shiga da dawo da sadarwa. A Beira ruwa ya yanke babbar hanyar EN6, wadda ta haɗa birnin da Chimoio da Zimbabwe, turakun wuta da na waya sun zube, sai filin jirgin sama ya zama ofis, sito da wurin kwanan ma'aikata gaba ɗaya. Hukumar kula da bala'o'i ta ƙasar, INGC a wancan lokaci, ita ke jagoranci, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Red Cross kuma kowacce ta riƙe ɓangarenta kamar yadda aka tsara tun 2005: WFP abinci da sufuri, UNICEF ruwa da tsafta, WHO lafiya, Red Cross matsuguni, IOM, hukumar kula da ƙaura, sansanoni.

Lissafi kaɗan zai nuna maka dalilin da ya sa hanya ke gaba da komai. Mutum ɗaya na buƙatar abincin da ya kai kalori 2,100 a rana, wato kimanin giram 450 na hatsi, 60 na wake, 25 na mai da 5 na gishiri. Sama da rabin kilo ke nan kaɗan. Mutum 100,000 za su ci kusan tan 55 kowace rana. Jirgi mai saukar ungulu irin wanda aka fi amfani da shi a agaji tan 3 zuwa 4 yake ɗauka a sawu guda, kuma kuɗin awa ɗaya na tashinsa ya isa a yi hayar mota ta kwanaki. Tirela ɗaya na ɗaukar tan 30. A Mozambik mutum miliyan 1 da dubu 850 ne ke buƙatar taimako. Don haka jirgin sama na ceto ne da kai biskit mai gina jiki ga waɗanda ruwa ya kewaye, ciyar da jama'a kuwa sai an cike inda hanya ta karye, an gyara kwalbati, an kawar da itatuwan da suka faɗi. Injiniya mai katafila a makon farko ya fi likita goma amfani ga yawan jama'a, duk da ba shi ake nunawa a talabijin ba.

Ruwan sha shi ne wurin da ya kamata a daɗe. Ambaliya na cika masai ta kwaso abin da ke ciki ta zuba a rijiyoyi, ruwan teku ya shiga waɗanda ke kusa da gaɓa, famfon gari kuma ya tsaya saboda babu wutar da za ta tura shi. Ma'aunin da masu agaji suka amince da shi shi ne lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da wanka, kada tafiya wurin ɗiba ta wuce mita 500, kada layi ya wuce minti 30, kuma kan famfo ɗaya kada ya wuce mutum 250. Mutum 100,000 ke nan lita miliyan ɗaya da rabi, sawu 150 na tanka mai lita 10,000 kowace rana. Babu wanda zai iya ɗorewa da haka. Shi ya sa abin da ya fi ceton Beira shi ne kai janareta da man fetur da sinadarai matatar ruwan birnin, har famfo ya dawo bayan kimanin mako guda, da taimakon UNICEF da gwamnatin Birtaniya.

Inda famfo bai kai ba, ana tace ruwan da ke akwai. Kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka, domin ƙwayoyin cuta na ɓuya a cikin dattin. Sai an fara sa alam, an bar shi ya kwanta, an tsiyaye na sama. Daga nan a haɗa uwar magani: giram 15 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 a cikin lita ɗaya ta ruwa, a robar da ke da murfi, ba a ƙarfe ba domin yana cin ƙarfe. Ba a yin kintace wajen zubawa. A jera bokiti huɗu masu lita 10 na ruwan da za a tace, a sa wa na farko mililita 1 da sirinji, na biyu 1 da rabi, na uku 2, na huɗu 2 da rabi, a jira minti 30, a auna abin da ya saura da ɗan akwatin gwaji mai canza launi. Bokitin da ya bar miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita shi ne ma'aunin wannan ruwan, idan kuma kwalara ta ɓulla a ɗaga zuwa 0.5 ko 1. Wannan ragowar ita ce ke kare ruwan bayan ya shiga jarka ya isa gida, inda yawancin gurɓacewa ke faruwa, lokacin da yaro ya tsoma moɗa da hannu mai datti. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba maganin fiye da kima don a tabbatar. Sai ruwan ya yi wari, mutane su ƙi shi, su koma kududdufi. A gida kuma ƙwayar kulorin mai miligiram 67 na isar jarka mai lita 20, a jira rabin awa. A Mozambik akwai ruwan kulorin na kwalba mai suna Certeza da mutane suka riga suka sani tun kafin guguwar, kuma wannan sanin ya sa aka karɓe shi ba gardama.

Rijiyar da ruwan teku ya shiga tana da tarko. Hankali zai ce a sa inji a zuƙe ta ƙarƙaf. A ƙasar gaɓa, ruwan daɗi shimfiɗe yake a kan ruwan gishiri kamar mai a kan miya, idan aka zuƙa da ƙarfi sai a jawo na gishirin daga ƙasa, rijiyar ta ƙara lalacewa, wani lokaci bangonta ma ya rufta. An ga haka a Siri Lanka bayan tsunamin 2004. Abin yi shi ne a kwashe shara da laka, a janye ruwan a hankali sau ɗaya, a wanke bango da kulorin, a gyara bakin rijiyar, sannan a bar damina ta wanke gishirin. Yakan ɗauki damina ɗaya ko biyu.

Masai ma haka. Ƙa'ida ita ce rami ɗaya ga mutum 20, a farkon kwanaki ana haƙuri da 50, nesa da rijiya da mita 30, gindin ramin kuma ya fi ruwan ƙasa tsawo da mita ɗaya da rabi. A wuri irin Beira, inda za ka haƙa taku biyu ka tarar da ruwa, wannan ba ya yiwuwa. Sai dai a ɗaga masan sama a kan tanki ko durom, a kuma tanadi motar kwasa da wurin zubarwa tun ranar farko. Na mata daban, da sakata ta ciki da fitila, in ba haka ba ba za su shiga da dare ba.

Duk da haka kwalara ta zo. An bayyana ɓullarta ranar 27 ga Maris, kwana goma sha biyu bayan guguwar. Mutum kimanin 6,700 suka kamu, amma 8 ne aka tabbatar sun rasu, kuma wannan adadin abin a yaba ne. An kawo rigakafin ɗigawa a baki guda 900,000, aka fara bayarwa ranar 3 ga Afrilu, cikin kusan mako guda an ba mutum fiye da 800,000 a Beira, Dondo, Nhamatanda da Buzi. Kwalara rashin ruwa a jiki take kisa da shi, cikin awanni. Yawancin masu ita ruwan gishiri da sukari ya ishe su: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya galabaita ne ake yi wa ƙarin ruwa ta jijiya. Saboda haka ƙananan rumfunan ba da wannan ruwa a cikin unguwanni sun fi babban asibiti guda mai nisa. A cibiyar jinya kuma kulorin kashi uku ake haɗawa: mai ƙarfin 0.05 cikin ɗari na wanke hannu, 0.2 na daɓe da gadaje, 2 na amai da bayan gida da gawa. Bayan makonni kaɗan sai zazzaɓin cizon sauro ya biyo baya daga ruwan da ya kwanta, don haka gidan sauro na cikin kayan farko.

Game da gawarwaki, akwai tsoron da ke sa a yi gaggawar binne mutane a rami ɗaya ba tare da an gane su ba. Gawar wanda ya nutse ko gini ya danne ba ta haddasa annoba, wannan matsayin WHO ne da Red Cross. Abin da ya dace shi ne a ba kowace gawa lamba, a ɗauki hotonta, a rubuta inda aka same ta da abin da ke jikinta, a binne ta a jere ba a kan juna ba, zurfin mita ɗaya da rabi, nesa da ruwan sha da aƙalla mita 200. Matar da ba ta da shaidar mutuwar mijinta za ta sha wahalar gado da filin gida shekara da shekaru, ban da ciwon rashin sanin kabarinsa.

Sai matsuguni. Gidaje kimanin 240,000 Idai ta rushe ko ta lalata. Mutane na fara tarewa a makarantu da wuraren ibada, amma cunkoso na kawo cuta, yara kuma na buƙatar ajinsu. Tanti ba shi ne ya fi ba: yana da tsada, yana da nauyi, yana zafi, kuma ba ya gyara gida. Abin da ya fi aiki shi ne tamfol biyu masu mita 4 da 6, da jakar kayan aiki mai zarto, guduma, adda, fartanya, shebur, almakashin kwano, ƙusoshi, waya da igiya. Da su iyali za su rufe ɗakin da ya saura a filinsu, kusa da gonarsu da kayansu. Ana so kowane mutum ya sami murabba'in mita 3 da rabi, iyali mai mutum biyar 17 da rabi ke nan. Tamfol mai kyau yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu a rana, na banza wata biyu ya yage. Ko mai kyau ɗin, idan aka buga masa ƙusa kai tsaye iska za ta yage shi daga nan. Ana naɗe bakinsa a jikin falanki a buga, ko a sa wa ƙusar murfin kwalba ko guntun robar taya, a ja shi ya yi tsam, a ba shi gangare don kada ruwa ya taru. Wani haɗari da aka ci karo da shi a Beira shi ne tsofaffin rufin asbestos da suka farfashe: ƙurarsu na jawo cutar huhu bayan shekaru, don haka sai an jiƙa su, an sa abin rufe hanci, kuma ba a ƙara fasa su.

Gyara na dindindin ya ta'allaƙa ne kan fahimtar yadda rufi ke tashi. Iska ba tura rufi take yi ba, tsotsarsa take yi sama, kamar yadda take ɗaga fiffiken jirgi. Idan kuma ƙofa ko taga ta ɓalle ta ɓangaren da iskar ke bugowa, sai ta cika ɗakin ta tura daga ciki, ƙarfi biyu su haɗu. Saboda haka maganar a buɗe tagogi don iska ta wuce kuskure ce, rufe su ake yi da katako. Gida sarƙa ce: kwano a jikin katakon kwance, katakon kwance a jikin rafta, rafta a jikin katakon kan bango, shi kuma a jikin linta, har zuwa harsashi. Inda aka bar mahaɗa ɗaya da rauni, nan za ta tsinke. Ƙusar da aka buga a miƙe daga sama saurin zarewa take yi, shi ya sa ake naɗa langalanga mai rufin tutiya a kan kowace mahaɗa a buga ƙusoshin ta gefe. Katakon kan bango a ɗaure shi da rodi ko noti da aka dasa cikin kankaren linta. Kwanon ya kai kaurin milimita 0.4, a buga ƙusa mai hula da murɗaɗɗen jiki a kan tudun kwanon, kowane tudu a baki da ƙololuwa da kusurwa, domin nan tsotson ya fi ƙarfi, a tsakiya kuma a tsallake ɗaya. Rufi mai fuska huɗu ya fi mai fuska biyu jurewa, gangarensa kusan digiri 30, leɓensa kada ya zarce bango da fiye da santimita 45. Rufin baranda a yi shi daban, don idan ya tashi kada ya tafi da na ɗaki. Kada a kwaɓa kankare da yashin bakin teku, gishirinsa na cin rodi daga ciki. Duk wannan ƙarin kuɗinsa kaɗan ne a kan kuɗin gini. Matsalar ita ce mutane ba sa jira: cikin mako biyu sun tsinto tsohon kwano sun miƙe tsofaffin ƙusoshi sun mayar yadda yake. Idan ba a horar da kafintocin unguwa an kuma saukar da langalanga da ƙusa a kasuwa cikin watan farko ba, an makara. Beira ta sake shan wata guguwar, mai suna Eloise, a Janairun 2021, kafin a cika shekara biyu.

Rabon kaya wuri ne da ake zalunci idan aka yi sakaci. Wanda ke rubuta sunaye shi ke da iko. A Afrilun 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa a gundumar Nhamatanda wasu shugabannin unguwanni sun tilasta wa mata kwana da su kafin su sami abinci. Maganin wannan sananne ne: a karanta jerin sunaye a bainar jama'a, a rubuta mata da sunansu ba sai ta hannun miji ba, a sa mata cikin masu rabo, a sanar da kowa abin da ya kamata ya samu da cewa kyauta ne, a buɗe layin kai ƙara da ba ya bi ta hannun mai unguwa. Inda kasuwa ta dawo aiki, ba da kuɗi ko takardar karɓar kaya ya fi jigilar buhu, domin iyali sun fi kowa sanin ko kwano suke buƙata ko magani, kuma ɗan kasuwar garin ma ya farfaɗo. Amma sai an duba kasuwar tukuna, idan hanya a yanke take kuɗin farashi kawai zai tayar. Masu son taimakawa daga nesa kuma su aika kuɗi ga ƙungiyar da ke wurin. Bayan guguwar Pam ta 2015, kwantena fiye da 70 na kayan da ba a nema ba suka isa ƙasar Vanuatu da ke Tekun Fasifik, tsofaffin tufafi da abincin da ya kusa lalacewa, suka tare tashar jirgin ruwa da sito da hannun ma'aikata.

Wutar lantarki na kisa a hankali. A tsibirin Puerto Rico na yankin Karibiyan bayan guguwar Maria ta Satumban 2017, an fara cewa mutum 64 ne suka mutu, daga baya gwamnati ta amince da 2,975. Bambancin masu ciwon suga ne da insulin ɗinsu ya lalace, masu wankin ƙoda, masu buƙatar iskar oksijin, tsofaffin da asibiti ya yi wa nisa, domin wasu yankunan sun yi kusan wata 11 babu wuta. Janareta kuma a ajiye shi waje, mita 6 daga ƙofa da taga, gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta wari kuma tana kashe iyali guda cikin barci.

Abin da ke sa shekaru su wuce shi ne sana'a, fili da kuɗi. Idai ta zo ana dab da girbin masara, ta shafe gonaki fiye da hekta 700,000. Wanda bai sami iri da fartanya cikin watan Afrilu don shukar zagaye na biyu ba, sai ya jira shekara guda yana karɓar tallafi. Gonar da ruwan teku ya kwanta a kanta sai ruwan sama ya wanke ta. Masunci na buƙatar kwalekwale da koma irin waɗanda ya saba da su, da ƙanƙara da hanyar kai kifi kasuwa. A Filifin, guguwar Haiyan ta 2013 ta karya miliyoyin bishiyoyin kwakwa, sabuwar shuka kuma sai ta shekara 6 zuwa 8 kafin ta yi 'ya'ya. Gwamnatin Mozambik ta mayar da dubban iyalai kan tudu, irin su Guara-Guara kusa da Buzi da Mandruzi a Dondo. Ruwa ba ya kai musu, gaskiya ne, amma gona da kogi da kasuwa suna can inda aka baro, sai magidanci ya raba ƙafa, ko ya koma gaba ɗaya. Sabon matsugunin da babu rijiya, makaranta da abin yi, sansani ne kawai. Ga kuma kuɗi: an ƙiyasta gyaran ɓarnar Idai da ta Kenneth, wadda ta bugi arewacin ƙasar ranar 25 ga Afrilun shekarar, a kan dala biliyan 3.2. A taron masu ba da tallafi da aka yi a Beira a ƙarshen Mayu, alƙawarin biliyan 1.2 aka samu, kuma alƙawari kafin ya zama bulo da siminti yakan ɗauki shekaru. Kuɗin gaggawa na wata uku zuwa shida ne, na gini kuma yana bin doguwar hanyar kwangila, tsakaninsu ne tamfol ke yagewa a kan mutane.

Ƙasar da ta fi kowa nuna abin da shiri ke iya yi ita ce Bangladesh. Guguwar Bhola ta Nuwamban 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, ta Afrilun 1991 kimanin 138,000, Sidr ta 2007 dubu uku da 'yan ɗaruruwa, Amphan ta Mayun 2020 kuwa mutum 'yan gommai, bayan an kwashe fiye da miliyan 2 zuwa mafaka. Tun 1972 suka kafa shirin 'yan sa-kai, wanda yanzu ke da mutum fiye da 70,000, suna bin ƙauyuka da lasifika da tutoci suna faɗa da harshen mutane. Harshen na da muhimmanci: a birnin Tacloban na Filifin an yi gargaɗi kafin Haiyan, amma da kalmar Turanci ta masana da jama'a ba su gane tana nufin teku zai shigo gari ba, wasu ma suka fake a gine-ginen da ruwan ya cika, mutum fiye da 6,000 suka mutu a ƙasar. Mafakar Bangladesh bene ne na kankare a kan ginshiƙai, ƙasansa a buɗe don ruwa ya wuce, ranakun lafiya kuma makaranta ce, shi ya sa ake kula da ita. Sun lura cewa a 1991 mata sun fi maza mutuwa nesa ba kusa ba, saboda suna jiran izinin fita ko suna gudun cakuɗuwa da maza, sai suka ware wa mata ɗaki da banɗaki, suka kuma sa mata su zama rabin 'yan sa-kan. Sun kuma lura cewa manomi ba ya barin saniyarsa ya gudu, sai suka tara tudun ƙasa da suke kira killa kusa da mafakar, inda zai ɗaure dabbobinsa yana hango su daga bene.